Me Ke Kwance Notin Tayar Tarakta, Kuma Me Ya Kamata Direba Ya Duba Kafin Ya Tada Inji?

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba da waɗanda suka fi son karatu. Wanda ya karanta, don Allah ya tura wa wani direban tarakta da ya sani, ko ya karanta masa, domin shi maganar ta fi shafa.

Yau hirarmu a kan tarakta ce, musamman ƙanana da matsakaitan nan masu ƙarfin doki 20 zuwa 50 ko sama da haka kaɗan, da kuma wani ɗan ƙarfe a jikinta da bai kai girman ƙwai ba, wato notin taya. Bahaushe idan ya ga mutum yana abin da babu kai, sai ya ce notinsa ya kwance, a yi dariya. To a jikin tarakta idan noti ya kwance babu dariya a ciki. Ƙaramar asara ita ce taraktar ta kwana uku a gonar mutane ana neman kayan gyara a tsakiyar damina. Babbar kuwa ita ce ran direba, ko na yaron da ya ɗane gefenta.

Me ya sa muka ɗauko wannan maganar? Saboda tarakta ta zama sana'ar matasa. Ku je yankunan masara irin su Saminaka da Dandume, ko wuraren shinkafa irin su Kura da Haɗeja da Argungu, ku dubi masu riƙe da sitiyari. Samari ne. Ga gwamnatoci na rabon taraktoci, ga 'yan kasuwa na saye suna ba da haya, ga kamfanoni irin su Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014, da ke haɗa mai tarakta da manomi ta waya. Tarakta ɗaya sai ta yi wa gonaki da yawa aiki, a farkon damina har dare ake yi da fitila. Direbobin nan kuma mafi yawansu a bakin aiki suka koya: yaro ya bi ogansa shekara ɗaya ko biyu, wata rana a miƙa masa makulli. Littafin da ya zo da taraktar da Turanci yake, kuma sau da yawa yana gidan mai ita, in ma bai ɓata ba. Saboda haka bari mu zube abin da ke ciki da Hausa.

Mu fara da tambaya: me ke riƙe da taya a jikin tarakta? Kowa zai ce noti. Haka ne, amma ta yaya? Yawancinmu gani muke tayar rataye take a kan sitod, wato sandunan ƙarfen nan masu zare da noti ke hawa, kamar yadda ake rataye riga a ƙusa. To abin ba haka yake ba. Idan ka ɗaure noti da kyau, sitod ɗin yana ɗan miƙewa kaɗan, abin da ido ba ya gani, kamar roba mai tauri da aka ja. Wannan jan shi ke matse farantin taya da fuskar hob, wato kan aksul inda tayar ke zama, har su zama kamar ƙarfe ɗaya. Nauyin tarakta da ƙarfin jan garma duk ta wannan matsewar suke bi. Ka gwada: saka littafi tsakanin tafin hannuwanka biyu ka matse. Me ya hana shi faɗuwa? Matsewar. Ka ɗan sassauta kaɗan, zai fara zamewa tun hannunka bai rabu da shi ba.

Wannan shi ne gindin maganar yau gaba ɗaya. Noti zai iya zama a mazauninsa, ka sa yatsu ka murɗa ya ƙi motsi, alhali matsewar ta riga ta tafi. Taya ba ta fita rana ɗaya. Sai ta yi kwanaki, wani lokaci makonni, tana ba da alama. Wanda ya san alamar zai tare ta da sifana. Wanda bai sani ba sai ya tare ta da ƙirji.

To me ke cinye matsewar? Na farko, duk abin da ya shiga tsakanin faranti da hob: fenti, laka, yashi, tsatsa. Lokacin da aka ɗaure, waɗannan abubuwa suna tsakani. Da an fara aiki, girgiza ta niƙe su, sai ɗan gibi ya samu, sitod ya koma yadda yake, matsewa ta ragu. Shi ya sa sabuwar tarakta fil, wadda mutane ke ganin ba ta da matsala, ita ce ma ta fi buƙatar a bi notinta, saboda fentin kamfani yana nan da kaurinsa. Haka nan duk tayar da aka cire aka kai wa mai faci aka mayar, musamman in a cikin gona aka yi aikin, an kwantar da ita a kan ƙasa, an ɗaga an maƙala ba a goge ba.

Na biyu, irin aikin da tarakta ke yi. Motar gida a kan kwalta take tafiya, yawanci gaba. Tarakta kuwa yanzu gaba, yanzu baya, ta tsallaka kunya, ta faɗa rami, ta ci karo da kututture, ta juya a ƙarshen gona da birkin ƙafa ɗaya. Kowane ɗaya yana murɗa tayar ta wani ɓangare daban. Idan kuma akwai cebur na loda a gaba, ƙananan tayoyin gaba su ke ɗaukar wahalar, notinsu ya fi saurin saki.

Na uku, ku saurara da kyau, shi ne ɗaurewa fiye da kima. Kun san yadda ake yi: a zura wa wilsifana dogon bututun ƙarfe, ƙato ya hau yana tsalle har sai noti ya yi ƙara, a ce yawwa, yanzu ya ɗauru. Bari mu yi lissafi. Ƙarfin ɗaure noti ana auna shi da niyuton-mita, ana rubuta shi Nm, wato nauyin da ka danna da shi sau tsawon hannun sifanar. Mutum mai kilo 70 idan ya tsaya a ƙarshen bututu mai mita ɗaya, ko bai yi tsalle ba ya ba notin kusan Nm 690. Alhali wasu ƙananan taraktocin Kubota abin da littafinsu ya nema shi ne kusan Nm 215 a tayar baya, kusan 137 a ta gaba. Kun ga an ninka na baya fiye da sau uku. Sitod ɗin da aka ja ya wuce iyakarsa ya miƙe ke nan, ba zai sake riƙewa kamar da ba, kamar robar wando da ta saki. Wani ma a nan take yake tsagewa ta ciki, ya jira ranar da aka ɗora wa tirela buhuna ya ƙarasa.

Na huɗu, shafa baƙin mai ko giris a zaren noti. Niyyar mai kyau ce, don kada ya yi tsatsa. Sai dai lambar da kamfani ya bayar yawanci ta busasshen zare ce mai tsafta. Da ka sa mai, notin zai riƙa sulɓi, ƙarfin da ka saba sawa zai ja sitod ɗin fiye da yadda ake so. In dai littafin bai ce a shafa ba, a bar shi a bushe.

Na biyar, kayan aro. Noti ya ɓata, sai a je kasuwar 'yan gwangwan a ɗauko duk wanda ya hau zaren. Akwai noti mai tsinin baki da ke shiga cikin ramin faranti, akwai mai shafaffen gindi da ke tafiya da wosha. In ka sa wani a gurbin wani, gefe kaɗan ne zai taɓa ƙarfen. Shi ma bol ɗin yana da daraja: ku duba kansa za ku ga lamba kamar 8.8 ko 10.9, wannan ƙarfinsa ne. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, na ƙofar gida ne, ba shi da hurumi a tayar tarakta.

Akwai wani wuri kuma da ake yawan mantawa. Tayar baya ta taraktoci da yawa gida biyu ce: akwai farantin tsakiya da ke ɗaure a hob, akwai kuma rim ɗin da robar ke kai, wanda aka ɗaure shi a jikin farantin da wasu bol daban. An yi haka ne don a iya buɗa ko tsuke faɗin ƙafafun tarakta su dace da tazarar kunya, kamar santimita 75 ɗin nan da ake ba masara. Ke nan layin noti biyu gare ka a kowace tayar baya, na ciki da na waje. Direba sai ya bi na tsakiya ya manta da na bakin rim, alhali su ma ana kwance su duk lokacin da aka gyara faɗin ƙafa.

Yanzu, in matsewa ta tafi, me ke biyo baya? Farantin zai fara ɗan zamewa gaba da baya a kan hob. Kowace zamewa gefen rami yana dukan sitod. A hankali ramin da yake zagayayye sai ya koma kamar ƙwai, sitod kuma ya fara cinyewa a gindi. Ka san yadda ake karya waya: lanƙwasa nan, lanƙwasa can, har ta gaji ta tsinke. Haka sitod yake yi. Na farko ya karye, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa biyu, su ma su bi shi da sauri fiye da na farkon. Daga shida ko takwas sai ka ga saura uku, daga nan kuma abin ba ya ɗaukar lokaci.

Alamomin da za ka gani tun kafin a kai nan, ga su. Jan layin tsatsa da ya fito daga gindin noti ya miƙe waje kamar hawaye: garin ƙarfe ne da gogayya ta niƙe, ruwa ya taɓa shi. Ƙyalli a kewayen noti, inda fenti ya goge ƙarfe ya fito fes. Tsagewar fenti ko ta ƙarfen kansa daga wannan rami zuwa wancan. Noti ɗaya da zaren da ya leƙo ta bayansa bai kai na 'yan uwansa tsawo ba. Ƙarar "ƙwas" ko "gaf" duk lokacin da ka tashi daga tsaye ko ka sauya daga gaba zuwa baya. Sai kuma taya mai rawa: ka sa wani ya ja taraktar a hankali a fili, kai ka tsaya nesa kaɗan ta baya ka kalli yadda take juyawa. Ko ɗaya ka gani a cikin waɗannan, aiki ya tsaya.

Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Ranar da aka ɗaure notin daidai, ka samo fenti fari ko ja, ka ja ɗan layi daga kan noti ya sauka kan faranti. Kullum da safe kallo ɗaya ya isa: in layin ya rabu biyu, noti ya juya. Amma a lura, layin yana nuna notin da ya juya ne kawai. Wanda ya saki saboda laka ko fenti ya niƙe a ƙarƙashi zai iya zama bai motsa ba. Don haka fentin bai ɗauke maka sa sifana lokaci-lokaci ba.

To yaya ake ɗaurewa daidai? A samu wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. A sauke garma ƙasa, a kashe inji, a cire makulli, a ja birki, a sa wa sauran tayoyin waigi gaba da baya. In tayar baya za a cire, a cusa katako a gefe biyu tsakanin aksul ɗin gaba da jikin tarakta, domin aksul ɗin gaba a kan fin ɗaya yake lilo, taraktar za ta iya kifewa gefe da zarar nauyin taya ɗaya ya bar ta. Jak na ɗagawa ne kawai, bayan an ɗaga a tokare da jakin ƙarfe ko katako mai kauri. Bulon siminti fashewa yake yi ba sallama. Kuma tayar baya, balle wadda aka ɗura wa ruwa don ƙarin nauyi, ta fi ƙarfin mutum ɗaya. In ta fara faɗuwa a kauce mata, kada a ce za a tare.

Kafin a mayar, a kankare fuskar hob da bayan faranti da burushin waya har ƙarfe ya fito. A fara murɗa kowane noti da hannu, don a tabbata ya hau zare daidai. Sannan a ɗaure a gicciye: wannan, sai na ɗaya ɓangaren da ke kallonsa, sai a tsallaka, kamar ana zana tauraro. Kada a bi su a jere, kuma kada a ƙure ɗaya alhali sauran na sake, farantin zai zauna a karkace. A yi zagaye biyu ko uku ana ƙara ƙarfi, a sauke tarakta ƙasa, sannan a yi ɗaurin ƙarshe da sifana mai awo, wadda ake saita mata lamba, in an kai ta yi ƙara. Lambar kuma ta taraktarka za ka nema, a littafinta ko wurin dillalin da ya sayar, don kowace da tata.

Na san wani zai ce, malam, ina muka ga sifana mai awo a ƙauye? Gaskiya ne. Kafin a samu, lissafin nan na ɗazu zai yi maka amfani. In nauyinka kilo 60 ne, kana neman kusan Nm 215, ka auna santimita 36 daga tsakiyar noti a jikin hannun sifanar ka yi alama. Ka sa hannun ya kwanta a miƙe daidai da ƙasa, ka dafa wani abu, ka ɗora nauyinka a kan alamar a hankali, ba tsalle. In ya daina juyawa, ya isa. Wannan maleji ne kawai, bai kai awo na gaskiya ba, amma ya fi hawa bututu nesa ba kusa ba. Kuma ƙungiyar masu tarakta ta gari ɗaya za ta iya haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya kowa ya riƙa ara.

Abu mafi muhimmanci, wanda kusan kowa ke tsallakewa: ɗauri ɗaya ba ya isa. Wasu littattafan tarakta cewa suke bayan an mayar da taya a yi 'yar tafiya ta kamar mita 100 a sake bi, sannan bayan awa 3 na aiki, sannan bayan awa 10. Daga nan a shiga bin su a kai a kai, littattafan Kubota da yawa sun sa duk awa 50. Awa 50 a farkon damina bai fi kwana biyar ko shida ba. Agogon awa yana nan a gaban direba, a samu ɗan littafi a riƙa rubutawa.

In kuma ɓarna ta riga ta faru fa? Sitod ɗaya ya karye, a canza shi da na gefensa biyu, don sun sha nauyin da ba nasu ba. Biyu ko fiye suka karye, a canza duka. Ramin da ya zama ƙwai ko farantin da ya tsage, canji yake so, noti ba zai sake zama daram a kansa ba. Masu kai wa mai walda ya like noti da faranti, ku daina: zafin yana raunana ƙarfen, ya kuma ɓoye matsalar. Walda a jikin rim alhali roba na kai kuwa, ko an sace iskar, hanya ce ta fashewar da ke kashe mutum.

Me ya sa fitar taya a tarakta ta fi ta mota muni? Tarakta doguwa ce, nauyinta a sama yake, ba ta da gidan da zai kare direba. Tayar baya ta fita, wannan gefen ya faɗi, aksul ya caki ƙasa, sai ta wuntsila. A Amurka, kifewar tarakta ita ce kan gaba wajen kashe manoma a bakin aiki. Shi ya sa aka ƙirƙiro ƙarfen kariyar nan mai kama da ƙofa da ke tsaye bayan kujerar direba. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, Amurka kuma ta wajabta shi daga 1976 a kan taraktocin da ma'aikatan gona ke tuƙawa masu ƙarfin doki sama da 20. Masana lafiyar ma'aikata a can sun ƙiyasta cewa ƙarfen nan, in an haɗa da ɗaura bel, yana hana mutuwa ko mummunan rauni kusan kashi 99 cikin 100 idan tarakta ta kife. A nan kuwa sai ka ga an kwance shi an ajiye wai yana kama reshe, ko an maye gurbinsa da rumfar kwano. Rumfa maganin rana ce kawai, in tarakta ta kife tare da ita za ta murƙushe. In taraktarka na da ƙarfen, ka bar shi a tsaye ka ɗaura bel. In ba ta da shi, kada ka ɗaura bel, kuma ka matsa wa mai ita a nemo na ainihi.

Tunda mun zo nan, bari mu haɗa da sauran dubawar safe, don noti ɗaya ne daga ciki. Minti goma ne, kafin a tada inji. Ka fara daga wuri ɗaya kullum ka zagaya ta hannu ɗaya, don kada ka tsallake komai. Leƙa ƙarƙashi: akwai ɗigon mai ko ruwa a ƙasa? Zaro sandar baƙin mai ka duba. Duba ruwan lagireto tun inji na sanyi, ka share ƙaiƙayi da ciyawar da suka toshe ragarsa. Duba filtar iska, musamman lokacin hunturu da lokacin casa. Tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasan kofin man dizal. Danna fambel ka ji ko ya saki. Duba iskar taya da geji, ka duba yanka ko kumburi, sannan notin nan layi biyu a baya, layi ɗaya a gaba. Girgiza sitiyari ka ji ko wasansa ya yi yawa.

Sai baya. Fin-fin ɗin da ke riƙe garma ko haro ko tirela, kowanne da makullinsa na ainihi, ban da ƙusa lanƙwasasshiya ko waya. Tiyon haidurolik in kana zargin yana yoyo, kada ka shafa da hannu. Man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shiga nama, ramin kamar na allura amma yana iya jawo yanke yatsa ko hannu. Kwali ake karawa a gani, kuma wanda ya huda shi asibiti zai nufa a take. Sai shaf ɗin baya mai juyawa, wanda makanikai ke kira PTO, mai juya injin casa ko na feshi. Yana juyi 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. Bakin riga, rawani, mayafi, igiyar wando, duk abin da ya kama ya naɗe mutum kafin ya buɗe baki. Murfinsa ya zauna a kai, kuma ba a tsallaka shi yana juyawa.

In ka hau: daga kan kujera kaɗai ake tada tarakta, giya a firi. Masu tsayawa a ƙasa su haɗa kik da sukundireba, in tana cikin giya kansu za ta fara bi. Gwada birki tun a gida. In titi za ka hau, haɗa fedojin birkin biyu da sakatarsu, don taka ɗaya a guje yana juya tarakta ya kifar. Duk abin da za ka ja, motar da ta maƙale ce ko kututture, a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaurawa. In ka ɗaura a sama da aksul, gaban taraktar zai tashi ta faɗo ta baya a kanka, abin kuma bai kai daƙiƙa biyu ba. Kujera ɗaya ce, mutum ɗaya take ɗauka. Yaran da ke zama a kan murfin taya, kai tsaye gaban tayar suke faɗowa.

To nauyin wa ne duk wannan? Direba shi ne a gaba, don shi ke kan kujerar. Amma mu faɗi gaskiya, yaron da ake biya da yawan hektar da ya nome, ga manoma biyar na kiran wayarsa tun asuba kowa na cewa ruwa zai wuce shi, ga oga na jiran balas da yamma, minti goman nan gani yake asara ce. Saboda haka mai tarakta, Alhaji, kai ne za ka ce ba a fita sai an zagaya, ka sayi sifana da geji, kuma ranar da yaro ya kira ya ce ya ga tsatsa a gindin noti ya tsaya, kada ka hau shi da faɗa. In ka yi masa faɗa yau, gobe ba zai faɗa maka ba. Mai faci, in ka mayar da taya, ka gaya wa direba ya sake bin notin bayan ya ɗan yi aiki. Manomi, haƙurin rabin awa ya fi taraktar ta kwanta a gonarka mako guda. Masu rabon taraktoci na gwamnati da na ƙungiyoyi kuma, a haɗa da horar da direbobi da takardar dubawa cikin Hausa. Muna da cibiyar injinan noma ta ƙasa a Ilorin, muna da cibiyar binciken aikin gona a Samaru, masanan da za su yi wannan aikin suna nan.

Idan abu ya faru mun iya cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma notin da ya yi mako biyu yana zubar da jan hawaye a jikin faranti, kowa na wucewa yana gani, wannan sunansa sakaci.

'Yan uwa direbobi, gobe da safe kafin ka murɗa makulli, ɗauki sifana ka bi tayoyin nan huɗu, ka samo ɗan fenti ka ja layinka. In ka samu wanda ya saki, ka zo ka faɗa mana a wace taya ce, ta gaba ko ta baya, na tsakiya ko na bakin rim, kuma yaushe rabon da a cire ta, don wasu su ƙaru. Makanikai da suka daɗe a harkar, in akwai abin da kuke gani a gareji da ya kamata matasa su sani, ƙofa a buɗe take. Allah ya tsare, ya ba da damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.